Ruwan Dutsen Zulkiflu

Hajiya Humu ta san ƙanenta Zulkiflu tun yana fitsarin kwance, shi ya sa ran da ya dawo daga Italiya da takalmi mai tsini da agogo kamar murfin kwano, bai burge ta ba. Mutanen Alabar kuwa, unguwarsu a Zongon Kumasi, sai da suka cika layi. Borga ya dawo, in ji su, mutumin Turai ya sauka. Abin da Humu ta sani shi ne, duk shekarun da ya yi can tsinkar tuffa yake yi a gonar wani Bature a gindin duwatsu. Amma a bakinsa, aikin ruwa ya koyo. Ya ga yadda Turawa ke tare ruwa a kan dutse su gangaro da shi ta bututu har cikin gari, kuma tun da ya gani da idonsa, a ganinsa ya zama injiniya ke nan.

Humu waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa a unguwar Asawase, tun kafin a san Zulkiflu zai iya ɗaura wando da kansa. Mahaifinsu, tsohon ɗan kasuwar goro, ya bar musu wata gona a gindin dutsen da ke wajen Mampong. Gonar ba ta da wani abin kirki sai ayaba da rogo, sai kuma wata ƙorama mai sanyi da ke saukowa daga dutsen, ta bi gefen gonar, ta wuce zuwa wani ƙauye na ƙasa. Daga wannan ƙauyen Humu ke samun kabeji da latas na waakyenta. Wata mata ce ke kawo mata su kasuwar Kejetia, Maame Serwaa, wadda suka daɗe tare har sun zama kamar 'yan uwa, ɗaya na jan Hausa, ɗaya na jan Twi, suna fahimtar juna sarai.

Wata safiya Humu na tsakar gida tana wanke shinkafa, Zulkiflu ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Yaya Humu, kin san dukiyar da Baba ya bar mana kuwa?"

"Na san ayaba da rogo."

"Ruwa, Yaya. Ruwan dutse. A can Turai kwalba guda ta irin wannan ruwan sai manya. Mu nan muna shan na rijiyar burtsatse, ga namu yana malala a banza, 'yan ƙauye na wanke tsumma da shi. Zan kawo shi Zongo. Zan sa shi a leda. Ki jira ki gani."

"Ruwan na Baba ne?" ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ni dai gona na ji an ce ya saya. Ban ji an ce ya sayi ƙorama ba."

Ya yi dariya irin ta mai tausayin jahili. Wai ita ba ta fita waje ba, ba za ta gane ba.

Ashe maganarta ita ce maganar hukuma. Da ya je neman izini aka gaya masa ruwan ƙorama ba na mai gona ba ne, na ƙasa ne, kuma mutanen da ke ƙasa da shi sun riga shi sha. Ya yi ta sintiri tsakanin ofis da fadar Nana, mai garin ƙauyen, har dai aka ba shi lasisi da sharuɗɗa. Ran da za a auna wurin ya matsa wa Humu sai ta raka shi, tun da gonar tasu ce su biyu. Ta bi shi, ba don komai ba sai don ta ga abin da idonta.

Jami'ar da hukumar ruwa ta turo wata mata ce mai suna Madam Basma, doguwa, mai takalmin roba har gwiwa, ba ta da yawan fara'a. Ta tsaya kan wani falalen dutse ta yi bayani a fili, a gaban Nana da dattawansa da matan ƙauyen. Za a gina ɗan madatsi na siminti a kan ƙoramar. A ƙasansa za a bar ƙofa, wadda ba ta da marfi, ba kuma za a taɓa yi mata ba. Ta nan rabon ƙauye zai riƙa wucewa, rani da damina. Bakin bututun Zulkiflu kuwa sama za a kafa shi, taki guda bisa ƙofar. Idan ruwa ya yi yawa ya hau ya kai bakin bututu, nasa ne, ya gangara zuwa tankinsa, amma shi ma da iyaka, akwai mita da za ta nuna abin da ya ɗiba a yini. Idan kuma ruwa ya ja baya ya sauka ƙasa da bututun, to ba shi da komai sai haƙuri.

"Ka fahimta, Malam Zulkiflu?" ta ce. "Kai ragowa kake sha. Su ne na farko."

"Madam, ai ni na ga wanda ya fi wannan sau dubu," in ji shi. "A inda na zauna, dutsen ma sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi."

"Ban tambaye ka tsawon dutse ba. Ka fahimta?"

Ya ce ya fahimta. Ya sa hannu, ya ɗauki hoto da Nana, ya ɗauki hoto da ƙoramar, ya ɗauki hoto shi kaɗai yana nuna dutsen da yatsa kamar shi ya dasa shi. Humu ta kalli fuskarsa ta san ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. A lokacin damina ce, ruwa na ta ambaliya, kuma Zulkiflu mutum ne da bai yarda akwai wani wata a shekara ba sai wanda yake ciki.

Da farko abin ya yi kyau, wannan kam ba a hana shi. Tanka na ɗauko ruwa daga gindin dutse ta kawo Alabar, ta juye a wani ƙaton baƙin tanki da ya kafa a ƙofar gidansu, har ya tare rabin hanya. Injin ɗura ruwan na cikin ɗakin da mahaifinsu ke ajiye huhun goro, yana ta tofo leda. A jikin ledar akwai hoton dutse mai ƙanƙara a ka, irin wanda babu shi a duk faɗin Ghana, a ƙasa an rubuta Zulki Mawuntin. Masu talla suka yi ta ɗauka zuwa Kejetia. Zulkiflu ya daina amsa sunansa sai an ce Manaja. Ya sayi babbar riga mai aiki har ciki, ya koma sahun farko a masallaci, bayan liman daidai, wurin da dattijon da ya saba zama nan tun kafin a haife shi ya matsa masa ba don yana so ba.

Mutanen unguwa kuwa, Allah ya shirye su, waɗanda jiya suke cewa ya dawo hannu biyu, su ne yau ke rantsuwa tun yana yaro suka ga alamar arziki a goshinsa. Majalisar masu shan shayin ataya ta koma gindin tankinsa. Duk abin da ya faɗa sai su ce, "Gaskiya ne, Manaja." In ya yi tari su ce Turai ce ta gyara masa murya.

A cikin wannan zugar ce ya miƙe ran wata Juma'a bayan an idar da salla, ya karɓi lasifika, ya yi alkawari. Azumin bana, in ji shi, daga Alabar har Asawase ba masallacin da zai sayi ruwan buɗa-baki. Zulki Mawuntin ya ɗauke musu, fisabilillahi, daga ganin wata zuwa ganin wata. Aka yi kabbara. Labarin ya riga shi isa gida.

"Zulki," in ji Humu da ya shigo, "azumin nan fa a tsakiyar rani zai faɗo."

"To?"

"Matar nan ta ce in ruwa ya sauka ƙasa da bututu..."

"Yaya, ke fa matsalarki tsoro. Wanda ya yi niyyar alheri Allah ba ya kunyata shi."

Ta so ta ce masa Allah ba ɗan aikinsa ba ne, amma ta haɗiye, ta ci gaba da yankan albasa.

Rani ya shigo yadda ya saba shigowa kowace shekara, ba tare da ya nemi shawarar Manaja ba. Tankar da ke zuwa kullum ta koma zuwa jefi-jefi. Injin ya fara yini a kashe. Zulkiflu ya rame a wuya, yana yawan fita waje da waya a kunne. Sai kuma kwatsam, ana saura kaɗan a ga wata, tanka ta dawo da zuwa safe da yamma, cike har tana zuba a titi. Manaja ya dawo da dariyarsa. Humu ta ɗaga kai ta dubi sama, fes, ko gajimare babu. Ta ce a ranta, ruwan nan daga wani wuri ya fito.

Amsar ta same ta a Kejetia. Ta je ɗaukar kabeji ta tarar da Maame Serwaa zaune a kan kwandon da ba komai cikinsa, ba ta ko tashi sun rungumi juna kamar kullum ba.

"Maame, lafiya? Ina kayana?"

"Kayanki sun ƙone a gona, Hajiya. Ki tambayi ƙanenki."

Ta ba ta labari tiryan-tiryan. Zulkiflu ya ɗauki leburori daga wani gari, suka cika buhuna da yashi suka toshe ƙofar nan ta ƙasa, suka danne da duwatsu. Ruwa ya taru ya hau, ya kai bakin bututu, duk ya bi can. Ƙoramar ƙauye ta zama laka. Kabeji ya kwanta, yabanyar koko ta bushe, mata na tafiya mai nisa zuwa wani rafi da jarka a ka. Samarin ƙauye sun so su hau su fasa madatsin da guduma, Nana ya hana, ya ce an kai ƙara hukuma, a jira. Hukuma kuwa ta ce jami'arta na wani aiki a arewa, sai ta dawo.

"Mu ba za mu jira ba," in ji Maame Serwaa. "Na gaya miki ne don gishirin da muka ci tare."

Humu ta koma gida. Ta same shi gindin tanki a tsakiyar majalisa, ta kira shi ciki, don ko ba komai ba ta so ta tsinka shi gaban 'yan korensa.

"Kai ka toshe musu ruwa?"

"Aro na yi, Yaya. Na wata ɗaya tak. Bayan salla in buɗe."

"Aro? Ka tambaye su?"

"Haba, aikin Allah fa nake yi. Masu azumi zan shayar. Su kabeji kawai suke ba wa."

"Kabejin da ke ciyar da 'ya'yansu. Zulki, ruwan sata za ka ba mutane su buɗe baki da shi?"

Ya ce ta daina kiran abin sata, wai a Turai ana kiransa dabarar sarrafa ruwa. Ya gyara babbar rigarsa ya fita. Ta bi bayansa da kallo, tana mamakin yadda mutum zai yi shekaru yana tsinkar tuffa ya dawo da wuyan da ya fi na raƙumi tsawo.

Ranar farko ta azumi Zulkiflu ya shirya biki. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba, an tara buhunan piya wata kamar ganuwa. An gayyato limamai da wakilin Sarkin Zongo da wani mai ɗaukar bidiyo. Bayan la'asar za a yi addu'a, sannan a rarraba wa masallatai. Manaja na tsaye da lasifika yana bayanin yadda ruwan ke fitowa daga cikin dutse, hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba, sai ga motocin haya, trotro guda biyu, sun kutso layin suna hon, suka tsaya daidai bakin rumfa.

Mata ne suka fito. Matan ƙauyen gindin dutse, tsofaffi da masu goyo, kowace da jarka rawaya, wasu da baho, wasu da ƙullin wanki. Maame Serwaa ce a gaba. Ba su yi ihu ba, ba su zagi kowa ba. Suka gaida limamai cikin ladabi, suka durƙusa wa wakilin sarki, sannan suka wuce kai tsaye zuwa baƙin tankin suka yi layi. Maame Serwaa ta murɗa famfon ta tara jarkarta.

"Kai! Kai! Mene ne haka?" Zulkiflu ya manta lasifika na bakinsa, duk Alabar ta ji. "Wa ya ba ku izini?"

Maame Serwaa ta juyo, ta yi magana da Hausarta ta kasuwa, a hankali, yadda na bayan rumfa ma zai ji.

"Manaja, ƙoramarmu muka biyo. Mun tashi ba mu gan ta ba, aka ce ta yi ƙaura zuwa Kumasi. To ga mu mun zo inda take."

Wata tsohuwa ta riga ta zauna bakin kwata, ta kwance ƙullinta, ta fara saɓa wa zane sabulu. Wata ta tuɓe ɗanta ta tsayar da shi a baho. Kumfa ya bi ƙarƙashin kujerun manyan baƙi, limamai suka riƙa tattare riguna. Mai bidiyo, wanda aka biya don ya ɗauki Manaja, ya juya kyamararsa ga matan bai ƙara waiwayowa ba.

Babban limamin unguwa, Malam Abdulnasir, tsoho ne mai sanyin magana. Ya kira Maame Serwaa ya saurare ta, sannan ya dubi Zulkiflu.

"Abin da ta faɗa haka ne?"

Zulkiflu ya fara kawo zancen Turai da dabarar sarrafa ruwa. Malam ya bar shi ya yi ta yi har ya rasa inda zai sa kalma ta gaba. Sai ya waiwaya wajen Humu, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Hajiya, gonar taku ce ku biyu. Me kika sani?"

Duk ido ya dawo kanta. Zulkiflu ya yi mata wani kallo irin na lokacin da yake ƙarami in ya fasa tulu yana so ta rufa masa asiri wurin Baba. Ƙane ƙane ne ko da wawa ne. Amma ga Maame Serwaa tsaye da jarka.

"Haka ne, Malam," ta ce. "Ya toshe."

Malam Abdulnasir ya miƙe ya saɓa rawaninsa. Ya ce masallacinsa zai buɗe baki da ruwan rijiya kamar yadda ya saba, sauran limamai kuma kowa ya san abin da ya dace da shi. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi. 'Yan majalisar ataya, masu ganin alamar arziki a goshi, su ne suka fara sulalewa, wani har yana cewa shi dama tun farko ruwan na yi masa ɗanɗanon laka. Kafin a kira magariba rumfa ta zama ta matan ƙauye. Humu ta fito musu da waakye da kunu, ta ce ko ba sa azumi baƙinta ne. Suka ci, suka cika jarkokinsu, suka ɗaure a saman trotro suka tafi. Zulkiflu na ɗaki ya kulle ƙofa.

Bidiyon ya zaga wayoyi tun kafin a gama tarawihi, kuma da alama ya isa arewa, don Madam Basma ta dawo da wuri fiye da yadda aka ce. Ta sa aka garƙame bakin bututun da kwaɗo, aka janye lasisin. Saura zancen Nana, wanda ya ce ƙorama ba a wulaƙanta ta a wuce haka nan, sai an zo an ba da haƙuri.

Ranar da aka sa, Zulkiflu ya tashi da ciwon baya. Humu ce ta tafi, ita da wakilin Sarkin Zongo da rago a bayan mota. Ta tsaya a fadar Nana, mace mai jikoki, da azumi a bakinta, tana ba da haƙuri kan laifin da ba ita ta yi ba. Daga nan suka hau dutsen. Samarin ƙauye suka shiga ruwa suka riƙa ciro buhunan yashi suna jifa gefe. Da na ƙarshe ya fita, ruwa ya yi wata ƙara ya kutsa ta ƙofar, ja da laka da farko, sannan ya washe. Yara suka bi shi da gudu zuwa gangare. Maame Serwaa ta zo ta tsaya kusa da Humu, ta karɓi jakarta ta riƙe mata har suka sauko. Kabejin bana kam ya riga ya tafi, sai da Humu ta yi watanni tana sayen na wasu da tsada, mai ɗaci.

Da ta dawo Alabar da yammar ranar, ƙafafunta sun kumbura, ta tarar ciwon bayan ya warke. Zulkiflu na zaune a ƙofar gida da mutum biyu da suka rage masa, yana zana wani abu a ƙasa da tsinke. Yana gaya musu ƙasar nan ba ta shirya wa mai hangen nesa ba, hassada ta yi yawa. Amma ya gano kuskurensa, wai ruwa ya taɓa, abin da kowa ke da ido a kai. A kan dutsen nan akwai iska mai ƙarfi, kuma a Turai ya ga yadda ake kafa fanka ƙatuwa a samu lantarki.

"Yaya Humu, sannu da hanya," ya ce da ya gan ta. "Ina ce iska dai ba ta da mai ita?"

Ta dube shi, ta dubi mutanen nan biyu da ke gyaɗa kai.

"Matsa min in wuce," ta ce. "Ban ɗora tukunya ba."